Buzayen Layinmu

'Yan uwana mata, yawancinmu a Kano ba mu san Buzu da komai ba sai rawani da shayi da gadi. To wallahi ba gadi ya gada ba. Farin 1973 da na 1984 ne suka kashe musu raƙuma da awaki a ƙasar Agadas, suka gangaro neman abin kaiwa baki. Yarensu Tamashek, har rubutunsu gare su, Tifinag.

Maƙwabciyata Buzuwa ce. Ranar da naƙuda ta kama ta, Hausarta guduwa ta yi kaf, ungozoma na tambaya tana amsawa da yarensu. Sai 'yarta mai shekara 9 ce ta yi mana tafinta, sannan aka gane jiri ke ɗibarta, ba shiri muka garzaya asibiti.