Birki a Gangara

Mu mazauna Wamakko mun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa; mai keke yakan bi gefen fadamar Rima ba tare da ya yi haki ba. Duwatsun Shere na gabashin Jos kuwa, tsayinsu ya haura mita 1,800, hanyar keke a can siririya ce, ga tsakuwa, ga kwazazzabai. Hawa yakan cinye ƙarfin mutum, amma ba a cika faɗuwa a lokacinsa ba, gama mai hawa a hankali yake tafiya. A gangara ake karaya, sa'ad da keken ya yi sauƙi, hannu ya saki birki.

A shekarun hidimata, na ga waɗanda suka jure talauci da ciwo suna riƙe da addu'a, sai wadata ta kā da su. Sarki Uzziya ya yi mulki shekara 52. Da ya ƙasaita, sai girmankai ya kai shi ƙona turare a Haikali, ya fito da kuturta.

Ɗan'uwa, in hanyarka ta yi daɗi, kada ka rage addu'a. Ya Ubangiji, ka riƙe mu a gangara. Amin.