Zamana a Ƙasar Gobir: Abin da Bai Shiga Rahoto Ba

Masu iya magana na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ni dai ranar da na bar Kafanchan, cikin watan Fabrairun 2014, ban fita da niyyar neman ilimi ba, a ganina ni ne ma zan kai shi. Shekaruna ashirin da uku a lokacin, ban daɗe da gama makarantar Littafi Mai Tsarki ba, sai majami'ar ƙauyenmu da wasu uku na kusa da mu suka haɗa baiko, suka ce za su aike ni aikin bishara a Jamhuriyar Nijar. Ranar addu'ar sallama 'yan Zumuntar Mata suka yi ta sharar hawaye kamar wanda zai tafi bangon duniya, alhali kuwa kwana ɗaya na yi a hanya: Kaduna, Zariya, Funtuwa, na kwana a tashar Katsina, da safe muka bi ta Jibiya muka tsallaka iyaka a Ɗan Isa, kafin azahar muna Maraɗi. Mahaifiyata ta cusa mini acca mudu biyar da ƙullin busasshiyar citta a jaka, wai kada yunwa ta kashe mata ɗa a ƙasar da ba a noman doya.

Ba ni ne farau ba a wannan hanya. Turawan mishan na SIM da suka zauna a Kwoi tun 1910 su ne kuma suka isa Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru suka kafa tasha a Tsibirin Gobir, sannan suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Tun 1948 kuma Kiristocin ƙasarmu suke da ƙungiyarsu ta aika masu bishara. Abin da ya haɗa mu da waccan ƙasa shi ne harshe. A gidanmu Jju muke yi, amma da Hausa na koyi addu'a, da ita muke waƙa a majami'a, da ita kakana ya koyi karatu a cikin Littafi Mai Tsarki fassarar 1932. Sai dai mai karatu ya sani, idan aka ce "Bahaushe" a gidanmu ba mai jin wannan harshe ake nufi ba. Wancan ɓangaren ake nufi, mutanen da kakanninmu suka ba mu labarin sun kore su zuwa kan duwatsu a zamanin harin bayi, waɗanda kuma muka yi ta gwabzawa da su a Kafanchan tun daga rikicin Kwalejin Ilimi na 1987. Da harshensu a bakina da tsoronsu a cikina na sauka a wani ƙauye da ke yamma da Tsibiri.

Abin da ya fara karya mini girman kai ita ce Hausar da nake taƙama da ita. Ran nan na ce wa yara "mamanku ya dawo?" sai suka faɗi ƙasa don dariya, har da mai riƙe ciki. Mu a kudancin Kaduna ba mu cika damuwa da "ya" da "ta" ba, su kuwa ko akuya sai an ba ta jinsinta. Fura ta koma hura, "yana" ya koma "shina", makaranta lakwal ce, malaminta mushe, asibiti kuma likita. Lissafin kuɗi ya fi komai wahalar da ni. Mai ƙosai ta ce mini dala goma, na tsaya ina zare ido ina tunanin kuɗin Amurka, ashe dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. Wata uku ina biyan abin da ya fi ƙima, ba wanda ya cuce ni da gangan, ni ne dai nake jin kunyar tambaya. Wannan dariya ta yara tana cikin dalilan da suka kawo ni sashen Hausa a yau.

Ɗakin da na kama na wani dattijo ne, malamin makarantar allo, wanda kowa ke kira Malam, ni kuma nake ce masa Baba. Ya san aikin da ya kawo ni tun ranar farko, domin ban ɓoye ba. Ya dube ni ya ce, "To, yaro, ɗaki dai jika uku ne a wata. Addininka naka ne, amma ba a kawo mini giya gida." Shi ke nan yarjejeniyarmu.

Wanda bai yi wannan aiki ba zai zaci kullum muna tsaye ne a bakin kasuwa muna wa'azi. Ina! Yawancin yinin mai bishara neman ruwa ne da jira. Kiran assalatu ne agogona. In tashi in yi addu'a, in ɗauki jarka biyu in nufi rijiya, wadda zurfinta ya sa sai da sa ake jan guga. Mata ne ke da rijiya, namiji baƙo kuwa sai ya tsaya gefe har wata ta ji tausayinsa ta zuba masa. Da hantsi in hau keke in zaga ƙauyuka uku inda muke da masu bi, gida ɗaya a nan, biyu a can. Da rana ba abin da ke motsi, musamman a watan Afrilu, lokacin da ko ƙarfen keke ba ya taɓuwa. Ni da na tashi ina kallon hazo a kan duwatsun Kagoro, ina wanka a ruwan Matsirga, sai ga ni ina kwana a waje kan gadon kara, ina yayyafa wa zanen rufata ruwa kafin barci ya zo. Da yamma nakan koyar da karatun boko a ƙarƙashin wata bedi, ga duk mai so. Mutum goma sha bakwai suka fara, Musulmi sun fi yawa, kuma abin da suke so shi ne su iya karanta sunaye a wayar salula da rubuta bashin da suke bi. Ran Lahadi mu taru a rumfar zana, mu goma sha ɗaya har da jarirai. Baikonmu wani lokaci gero ne a ƙwarya.

Kaɗaici kuwa, ba a magana. Sai na hau wani tudun rairayi a bayan gari kafin waya ta kama, in kira mahaifiyata in ce mata komai lafiya. Accar nan na riƙa tsimin ta kamar magani, sai ranar da kewar gida ta yi mini yawa nake dafa kaɗan. Da naira ta fara faɗuwa a 2015, kuɗin da ake aiko mini ya riƙa narkewa a hannun 'yan canji kafin ya zama sefa, har akwai watan da ban biya haya ba. Malam bai tambaya ba. Matarsa, Inna, ita ce ma ta riƙa aiko mini da hura da rana, da azumi kuma kunu da ƙosai ba su taɓa tsallake ƙofata ba, sai ka ce ni ma na kai azumin. Da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni cikin damina, almajiransa ne suka ɗora ni a amalanke suka kai ni likita.

Akwai kalma ɗaya da na je da ciwonta, wato "arne". A Kafanchan idan aka jefe ka da ita, faɗa ya tashi. A can sai na tarar da mutane suna cewa "mu Anna ne" ba tare da jin komai ba, har akwai sarautar Sarkin Anna a fadar Gobir. Na kuma ji daga bakin tsofaffi cewa Maraɗi kanta Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya ga masu jihadi ne suka kafa mulki a cikinta, su Ɗan Kasawa, Tsibiri kuma Gobirawa ne suka gina ta bayan an ci su da yaƙi a Gawakuke a 1836. Ashe Hausawa ma an kore su, sun yi gudun hijira, suna kuma ba jikokinsu labari kamar yadda aka ba ni. Ba wanda ya taɓa gaya mini wannan a gida.

Wani dare muna zaune a ƙofar gida, rediyon Malam tana gefe, sai ya ce, "Yaro, Kafanchan ɗin nan taku, ba ita ce muka ji a BBC ba shekarun baya, bayan zaɓe?" Na ce ita ce, Baba. Ya ce, "An ce an kashe Musulmi da yawa." Na fara ba shi amsar da muka saba bayarwa, cewa ai su ma sun ƙone majami'u a Kano da Zariya, kuma a Kafanchan kowane ɓangare ya yi asara, kasuwa ma ta ƙone ƙurmus. Duk gaskiya ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai kana ina a ranar?" Na ce ina gida. Ya ce, "Allah ya kyauta," ya ƙara wa rediyo murya.

Ina gida ɗin, ban yi ƙarya ba. A watan Afrilun 2011 ina zaune a gidan kawuna a cikin Kafanchan, kuma ni aka sa gadin ƙofa a daren da gari ya kama wuta. Can cikin dare wani ya buga ƙofa da sauri. Na gane muryar, ɗan ga-ruwa ne da ke kawo mana ruwa kullum, wanda muke kira ɗan Nijar domin ba mu taɓa tambayar sunansa ba. Ya kira sunan matar kawuna sau uku. Hannuna na kan sakata. Na ce a raina in na buɗe, samarin unguwa za su ƙone mu tare da shi, kuma mai yiwuwa haka ɗin ne. Ban buɗe ba. Na ji ƙafafunsa sun yi gaba, ban kuma sake ganinsa ba. A Zonkwa da Matsirga ɗaruruwan mutane ne suka mutu a kwanakin nan. Ban ɗauki adda ba, ban jefi kowa ba, da wannan na riƙa lallashin kaina har na gama makarantar Littafi Mai Tsarki.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga masallaci, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram saboda zanen ɓatanci ga Annabi da mujallar Charlie Hebdo ta buga a Faransa. Aka ƙone majami'u, washegari wutar ta isa Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu a biranen biyu. Aka kira ni daga Maraɗi aka ce kada in fita, daga gida kuma aka ce in tsallako iyaka ko da ƙafa ne. Ran Asabar da yamma muka ji wasu samari daga wani gari sun iso kan babura suna tambayar inda rumfar Kirista take. Na shiga ɗaki na sa sakata, na zauna a ƙasa cikin sanyin hunturu, na kasa ko addu'a. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne yau ni ne ɗan ga-ruwa.

Bayan isha'i na ji ana jan wani abu a ƙofata. Na leƙa ta kafar ƙyaure, sai na ga Malam ya shimfiɗa tabarmarsa daidai bakin ɗakina, ya ajiye buta da fitila, ya zauna da carbinsa. Da samarin suka zo, bai ko miƙe ba. Na ji yana cewa, "Wanda ya yi zanen yana Faransa, ku je can. Wannan baƙona ne, a gidana yake." Ɗayansu ya ɗaga murya, Malam ya tambaye shi ɗan gidan wane ne, ya kuwa san uban. Suka yi ta gunaguni, suka tafi suka cinna wa rumfar zanarmu wuta, ko minti biyar ba ta yi ba ta cinye. Shi kuma a nan ya kwana, dattijo mai ciwon gwiwa, a cikin wannan sanyi. Da asuba ya ƙwanƙwasa ya ce, "Yaro, fito ka ɗebo ruwa, kada mata su ce tsoro kake ji."

Kada mai karatu ya zaci daga nan ɗayanmu ya bi ɗaya. Malam ya ci gaba da gaya mini cewa yana yi mini addu'ar shiriya, ni ma ina gaya masa haka, mu yi dariya. Da na ba shi Linjila ya karɓa da hannu biyu don girmamawa, ya sa a cikin gafaka, ban taɓa ganin ya buɗe ba. Rumfa kuma muka sake kafa ta da sabuwar zana kafin Ista.

Na dawo gida a farkon 2016. Ranar da na ba da rahoto majami'a ta cika maƙil, domin labarin ƙone rumfa ya riga ni isowa, mutane suna son jin yadda aka tsananta mana. Takardar rahoton tana da gurbin yawan ƙauyukan da aka ziyarta, da yawan waɗanda aka yi wa baftisma. Na rubuta uku, na rubuta biyu. Wani dattijon majami'a ya ce, "Shekara biyu, rai biyu?" Ban ga laifinsa ba, kuɗin cittarsu suka tara suka aike ni. Na ba su labarin tabarma, wasu suka ce Allah ne ya yi amfani da shi, wata uwa a baya ta ce ai irinsu ɗaya ne a cikin dubu, aka wuce zuwa waƙar rufewa. Labarin ɗan ga-ruwa kuwa ban ba su ba, kawuna yana zaune a layin gaba.

Duk Disamba mahaifiyata takan ƙulla citta ta ba wani direba da ke zuwa Jibiya, daga can a miƙa wa Malam, shi kuma ya aiko da dabino da barkono. Sau biyu rufe iyaka yana yanke mana wannan aike, a 2019 da kuma bayan juyin mulkin 2023, da aka buɗe muka ci gaba. Muna yin waya da sallah da Kirsimeti, idan jikansa ya hau tudun nan ya kira. Sau da yawa nakan shirya cewa yau zan ƙarasa masa amsar tambayar da ya yi mini a ƙofar gida, sai mu ɓuge da gaisuwa da labarin damina har kuɗin wayar ya ƙare.