Jos Bayan An Tashi Daga Bita: Ki Fita Da Abokan Aiki Ko Ki Kulle Kanki A Ɗaki?

Uwargida ma'aikaciya ta san wannan lokacin sarai. An tura ku bita wani gari, ƙarfe huɗu ta yi an tashi, abokan aiki sun fara shawarar inda za a zagaya, ke kuwa hankalinki na gida. Ko yara sun dawo daga makaranta? Ko auta ya ci abinci? Ga kuma tsoron bakin mutane, kada gobe a ce an gan ki kina yawo da maza a garin da ba naki ba. Shi ya sa mata da yawa kan yi kwana huɗu a gari, su dawo ba abin da suka gani sai zauren taro da ɗakin otel.

Ni dai shawarata ita ce ki fita, amma bisa sharuɗɗanki. Bari in kafa miki hujja da Jos, inda aka tura mu mu tara daga ofis, mata uku maza shida, a tsakiyar hunturu.

Abin da zai fara tarbarki a Jos sanyi ne. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu akwai dararen da ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 10. Rigar sanyi da safa da man shafawa su riga kayan kwalliya shiga jaka. Duk inda kika waiga duwatsu ne, wani bisa wani kamar da hannu aka jera, ga tsaunukan Shere can gabas sun tokare sama. Tafkunan da za ki yi ta gani a gefen hanya kuwa yawancinsu ramukan haƙar kuza ne da ruwa ya cika, domin kuzar ce ta tara mutane a garin tun farkon zamanin Turawa. Suna da zurfi ƙwarai, kada sha'awar hoto ta kai ki bakinsu.

Yammacin rana ta biyu muka nufi gidan tarihi na Jos, wanda Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952. A nan ake ajiye kawunan yumɓu na mutanen Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu. Mu mata kitson da ke kansu ya fi ɗaukar hankalinmu. Muka tsaya muna gardamar wanne ne ya fi kama da shuku, har akawunmu, wanda a ofis gaisuwa kawai ke haɗa mu, ya sa baki ya ce kakarsa ma irin wannan take yi.

Kusa da nan akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya na Nijeriya da ƙasa, ciki har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Ki tsaya ƙarƙashin bakan gizon rufin nan ki ɗaga kai, za ki san kakanninmu ba su yi wasa da gini ba. Wasu sassan sun ji jiki da ruwan sama, duk da haka wurin ya cancanci tattaki.

Jos gari ne mai tabo, wannan ba a ɓoye yake ba. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun ci rayuka, sun kuma raba unguwanni da yawa gida biyu, nan Musulmi can Kirista. Baƙo ba ya gane iyakar da ido. A nan amfanin fita cikin ayari ya bayyana. Cikinmu akwai wata babbar ma'aikaciya 'yar ƙabilar Birom, haifaffiyar garin, ita ta riƙa gaya wa direba inda zai bi da lokacin da ya kamata mu juya. Da magariba ta kawo jiki, ita ta fara duba agogo.

"Ƙanwata, ku je ku yi sallarku, ni zan riƙe muku jakunkuna," in ji ta.

"Anti, ba za mu tsayar da ke cikin sanyin nan ba?"

"Haba dai, ai cikinsa aka haife ni."

Shekara uku muna hawa bene ɗaya da ita, ban san mijinta ya rasu ba, ban san ita kaɗai ke ɗawainiyar yara huɗu ba, sai a wannan yammacin, muna shan gwaten acca mai zafi. Tun daga ranar, in ɗana ya kwana da zazzaɓi, ita ke cewa in tafi asibiti za ta riƙe mini aikin. Sabo turken wawa ne in an yi shi da wanda bai dace ba, amma sanin abokin aiki jari ne.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A irin wannan fita ne shugaba ke jin ra'ayin ƙananan ma'aikata ba tare da takarda a tsakani ba. A mota, kan hanyar komawa masauki, shugabanmu ya tambayi abin da muka tsinta a bitar. Wadda ke cikin motar ita ta ba da amsa, kuma sunanta ne zai faɗo masa ranar da za a sake tura wani kwas. Wadda ta zauna a ɗaki tana iya fin kowa ƙwazo, sai dai ba a ji muryarta ba.

Sharuɗɗan kuwa ba su da wuya. Maigida ya san inda za ki da waɗanda za ku tafi tare tun kafin ki fita, kada ya fara gani a WhatsApp ɗin wani. Ki fita cikin jama'a, da wata mace aƙalla, ban da keɓewa da mutum ɗaya ko da shugaba ne. Zagayen rana naki ne, in hira ta koma ta dare a wurin da hankalinki bai kwanta ba, ki yi sallama cikin fara'a, ba sai kin kawo dogon uzuri ba. Ki riƙe kuɗin abincinki da na motarki, kada alawus ya ƙare ki koma jiran wani ya biya miki. In ba ki son hotonki ya hau intanet, ki faɗa kafin a ɗauka. Ki kuma tsayar wa yara lokacin waya, misali bayan isha'i, don kada ki yini rabin hankali a nan rabi a can.

Ranar komawa ki roƙi direba ya biya da ku kasuwar Farin Gada. Sanyin Filato ya sa dankalin Turawa da kabeji da karas da koren wake ke yi sosai, a lokacinsa ma har 'ya'yan sitiroberi ake samu. Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi buhun dankali muka raba, Anti ce ta yi cinikin, aka kuwa yi mana ragi. Ki ƙara da mudun acca ko biyu, ki tambayi 'yar gari yadda ake rege ta, domin in yashi ya saura a ciki yara ba za su sake yarda su ɗanɗana ba.