Kwana Tara a Bukkar Gona

A Amurka da ƙasashen Turai akwai ɗakunan katako a tsakiyar daji da ake bayarwa haya, mutum ya biya kuɗi don ya je ya zauna inda babu kowa. Har rubutawa masu ɗakunan suke yi cewa an yarda baƙo ya zo da karensa. Marubutansu na son irin wannan zama. Henry David Thoreau ya gina wa kansa ɗaki a bakin tafkin Walden a 1845, ya yi shekara biyu da 'yan watanni a ciki, ya fito da littafi a 1854. Mu a nan abin da ya fi kusa da wannan shi ne bukkar gona. Ba a haya, ba kuma don hutu ake kafa ta ba. Don ɓarayin riɗi ake yi.

Wanda bai san riɗi ba zai yi mamaki. In an yanke shi, ɗaurewa ake yi a jingine shi tsaye a gona har ya bushe, bakin 'ya'yan ya buɗe. A wannan tsakanin ɓarawo ba ya buƙatar komai sai leda da sanda. Ya shimfiɗa, ya kifa dami, ya kakkaɓe, kafin asuba wahalar damina ta tafi a buhu. Shi ya sa da kaka manoman Jigawa da yawa ke kwana a gona.

Kawuna yana da irin wannan gona a ƙasar Buji, can bayan Gantsa, inda mota ba ta shiga sai babur. Bana ƙafarsa ta matsa masa, yaransa kuma duk sun tafi neman kuɗi. Ni kuma ina Dutse da labari wanda ya tsaya mini a babi na goma sha ɗaya wata huɗu cur, ga hayaniyar gida, ga waya da ba ta barin mutum ya yi tunani biyu a jere. Na ce masa zan je in tsare riɗin, in huta. Ya dube ni ya ce, “Kai ɗan nan, hutu a gona? To Allah ya ba da sa'a. Ka tafi da Duna, shi ya san wurin.”

Duna baƙin kare ne mai yagaggen kunne. Na san wasunku za su yamutsa fuska a nan. Mu dai mun taso muna jifan kare, sunansa ma zagi ne a bakinmu. Amma an halatta ajiye shi don tsaron shuka, da kiwo, da farauta, kuma a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Manomi da maharbi ba su taɓa raina shi ba, mu 'yan birni ne muke ƙyamarsa. Yana da kaskonsa daban, bai kuma taɓa tsallake bakin bukkar ba ko sau ɗaya. A ƙofa yake kwanciya, kansa a kan ƙafafunsa.

Bukkar ta kara ce da zana, sai ka durƙusa za ka shiga. Gadon kara, tabarma, tulu, tocila. Ruwa sai na je rijiyar da ke kusa da wata rugar Fulani, a nan nake sayen fura da nono, wani yaro kuma ya kawo mini tuwo da yamma. Sabis ɗin waya yana kan wani tudu ne kawai, ranar ta uku ma caji ya ƙare, na jefa ta a jaka.

Shirun da na je nema babu shi. Dare a gona cike yake da magana: gyare, mujiya, iska na kaɗa ganyen dawa kamar mutum na tahowa da babbar riga. Daren farko da na biyu ban runtsa ba. Abin da ya ba ni barci shi ne na fara gane harshen Duna. In bushiya ce ko gafiya, haushi ɗaya yake yi na raini ya koma. In shanu ne ke wucewa ta burtali, haushin dogo ne, yana yi yana zagaya. In mutum ne, ba ya haushi tukuna, gurnani yake yi can cikin ƙirji, gashin wuyansa a tsaye. Sau ɗaya na ji wannan gurnanin, a dare na shida. Na haska tocila, na yi gyaran murya da ƙarfi kamar mu uku ne a ciki. Na ji takun sawu yana nisa. Da safe na ga inda aka ja leda a kan yashi.

Rubutu kuwa tsakanin asuba da hantsi nake yi, da biro da littafin makaranta, kafin rana ta mai da bukkar tanda. Babu gogewa, babu komawa baya, babu mai tambayar yaushe za a saki shafi na gaba. A nan na lura da yadda littattafanmu suka cika da falo da jirgin Dubai, alhali yawancin masu karanta mu jikokin manoma ne. Ba na cewa a daina. Ina dai cewa tsoron da na ji a dare na shida ya fi duk wani tsoron da na karanta a waya, kuma a kan riɗi ne.

Kada wani ya ɗauka aljanna ce. Sauro ya ci rabonsa, na kashe kunama biyu a ƙarƙashin tabarma, kuma na san wannan zama ba kowa zai samu ba, musamman 'yan uwanmu mata da su ne suka fi yawa a wannan zaure. Ko ni, sai da Kawu ya sanar da mai unguwa da maƙwabtan gona cewa akwai baƙo a wurin.

Rana ta tara aka zo aka kakkaɓe riɗin, aka sheƙe, aka ɗora buhunan a amalanke. Ni kuma na haɗa shafi arba'in da ɗaya, babi na goma sha ɗaya ya wuce, na sha biyu ya kusa. Kawu ya ce baɗi in babu mai kwana gero zai shuka a wurin, don gero ba a kakkaɓe shi cikin dare. Duna bai biyo mu ba sai da aka ɗaga buhu na ƙarshe.