Barikin Damagaram: gidan ɗan kasuwa da ya zama sansanin soja

Matafiyin da ya tashi daga Safo, ya bi ta Maraɗi ya kama babbar hanyar gabas, zai ratsa Tasawa da Maijirgi kafin ya ga duwatsun Damagaram. Wannan hanya ta san ƙarar bindiga. A yankin Maijirgi ne sojojin Bule da Shanwan suka kashe shugabannin nasu biyu a watan Yuli na 1899, sa'an nan sauran rundunar ta nufi gabas.

Abin da ya kai su can kuwa ramuwa ce. A watan Mayu na 1898 an kashe wani hafsan Faransa, kyaftin Kazmaju, a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Aka yi karo a Tirmini ƙarshen Yuli na 1899, dakarun sarki suka watse, Nasara suka shiga Birni. Shi kansa Kuran Daga an kashe shi a watan Satumba.

Baƙin ba su zo da gida ba. Malam Yaro, babban attajirin Zango wanda ayarinsa ke ƙetare hamada har Tarabulus, shi ya ba su wani gini nasa a wajen ganuwa. Suka ƙara masa ƙarfi, suka laƙaba masa sunan Kazmaju. Mai dukiyar da ke kan hanya yana buƙatar wanda zai tsare hanyar, kuma Malam Yaro ya ga inda ƙarfi ya koma. Wannan lissafi ne da kowane ɗan kasuwa zai gane. Sai dai lissafin bai kai shi inda ya zata ba. A 1906 Faransawa suka ce sun gano shirin tawaye, suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa, suka kai shi Kodibuwar. Malam Yaro na cikin waɗanda aka kora tare da shi. Ba a sake naɗa sarki a Damagaram ba sai 1923.

Da barikin ne garin ya zama babban birnin yankin soja na Nijar a 1911. A inuwarsa aka buɗe ofisoshi, aka ɗauki tafintoci, magatakarda da masinjoji, wato kakannin ma'aikatan gwamnati na yau. Ƙarancin ruwa na cikin abin da ya sa aka mai da mulki Yamai a 1926.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, sojojin ƙasa suka gaji wurin, aka kuma sauya masa suna zuwa Tanimun, sarkin da ya gina ganuwar Birni, ya sa aka ƙera masa igwa a cikin garinsa. Kalmar bariki kuwa ta daɗe da fita daga hannun soja. Daga Damagaram har kasuwar Maraɗi, in aka kira mutum ɗan bariki, wayonsa ake nufi da nisansa daga gida, ko da bai taɓa saɓa bindiga ba.