Gammon Gwiwa da Allurar Sin

Mu da muka haura shekara arba'in, gwiwa ce kan riga furfura kawo mana saƙon tsufa. Ba a rasa irinmu a masallatan Jalingo: ga mai jinkirin tasowa daga sujada, ga mai miƙe ƙafa guda a zaman tahiya, ga kuma wanda ya haƙura ya jawo kujerar roba zuwa gefen sahu. Duk inda hirar gwiwa ta ɓarke kuwa, ko a ɗakin malamai ko a teburin mai shayi, da wuya a tashi ba wanda ya zaro waya ya nuna wani Basine yana jera siraran allurai a ƙafar majinyaci, a ce ga waraka nan, ba yanka ba ɗinki.

Kafin mu yi mubaya'a, ya kamata mu san abin da ke ciwo. A cikin kowace gwiwa akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, a shimfiɗe tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Likitoci na kiran kowane ɗayansu meniskus, mu kuwa ba mu ga sunan da ya fi dacewa da shi ba kamar gammo, domin aikinsa ke nan, wato raba nauyi don kada ƙashi ya ci ƙashi. Gammon nan kan yage ta hanya biyu: ko dai farat ɗaya, kamar yadda kan faru ga ɗan ƙwallon da ya murɗe ƙafa a filin wasa na Jolly Nyame, ko kuma sannu a hankali, yadda tsohuwar riga kan ɓarke ba tare da ƙaya ta kama ta ba. Gefensa na waje kawai, kimanin kashi ɗaya cikin uku, jini ke isa sosai. Saura kuwa ba ya samun jini, don haka in ya yage da wuya ya haɗe da kansa.

Ita allurar Sin tsohuwar sana'a ce, an rubuta tushenta fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun gado na duniya. Masu ita sun ƙidaya gurabe 361 a jiki, har suna kiran wani gurbi da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa da hancin maraƙi, sunan da ko marokin Bahaushe zai yi sha'awarsa. Sukan haɗa da ƙona wani ganye ɗan'uwan tazargade dab da fata, da kuma kafa kofuna masu zuƙo fata. Alhali mene ne wannan in ba ƙaho ba? Abin da kan ba mu mamaki shi ne, ɗan bokon da zai yatsine fuska in an ambaci wanzami da sakiya, shi ne zai niƙi gari ya tafi Abuja neman irinsu, don kawai sun zo cikin farar riga.

To, me bincike ya nuna? A 2006 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Jamus kan mutum 1,007 masu amosanin gwiwa. Waɗanda aka yi wa allura bisa ƙa'idar Sin, kashi 53 cikin ɗari sun sami sauƙi. Waɗanda aka ɗan tsikara sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, kashi 51. Masu bin maganin da aka saba kaɗai, kashi 29. Allura ta rage ciwo ke nan, amma hancin maraƙi bai fi kowane wuri albarka ba. Haka kuma rage raɗaɗi daban, ɗinke yaga daban, allurar nan ba ta da zare.

Sai dai kada masu wuƙa su yi saurin dariya. A 2013 aka wallafa sakamakon wani gwaji inda likitoci a ƙasar Finland suka ɗauki mutum 146 masu yagar tsufa, suka datse wa wasu yagaggen gammon, wasu kuma aka shiga da su ɗakin tiyata aka kwaikwayi aikin ba a cire komai ba. Bayan shekara guda babu wani bambanci na a zo a gani. Tun a 2008 ma wani bincike a Amurka ya gano cewa kashi 61 cikin ɗari na dattawan da hoton MRI ya nuna musu yaga ba su ji ciwon komai ba a watan da ya gabata. Saboda haka ne a yau akan fara tura irinmu wurin masu gashin ƙashi, a ƙarfafa naman cinya, a rage teɓa. Wanda ya ga dama ya haɗa da allura don ya iya jure atisayen, ba mu ga laifinsa ba, muddin allurar sabuwa ce fil daga leda, domin ciwon hanta bai san Basine da wanzami ba.

Inda muke jin tsoro shi ne wajen ɗalibanmu. Saurayin da gwiwarsa ta murɗe ta kumbura, sannan ta maƙale ta ƙi miƙewa, mai yiwuwa ɓallin gammo ne ya gitta tsakanin ƙasusuwan, kamar tsakuwa a bakin ƙofa. Wannan ba na allura ba ne, ba na ƙaho ba ne, ba kuma na mai ɗori ba ne, wanda zai danna ya ce targaɗe ne. Irin wannan yaga, in tana gefen da jini ke isa, likitan ƙashi na iya ɗinke ta a ceci gammon, amma kowane makon da aka ɓata ana yawon magani yana rage damar ɗinkin. In har aka kai ga cire gammon, ƙashi zai dinga gugar ƙashi, kuma amosanin da mu muke kuka da shi a shekara arba'in da ɗoriya yana iya riskar yaron tun bai aurar da 'yarsa ta fari ba.