Ladabin Shiga Ruwa

Mu mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi manoma ne tun kaka da kakanni, auduga da dawa da masara muka sani, kuma da yake ba a bakin babban kogi aka haife mu ba, sai madatsun ruwa irin na Mairuwa da Gwaigwaye suka zo mana da ni'ima ba tare da mun gaji ilmin zama da ita ba. Abin da tsawon rai ya nuna mini shi ne, ruwan madatsa ya fi na rafi hatsari, domin samansa ɗumi ne, ƙasansa kuwa sanyi mai ɗaure jijiya, ga taɓo mai riƙe ƙafa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya binne da tsoffin tarun da masunta suka bari. Wanda yake nutsewa kuma galibi ba ya samun ikon yin kururuwa, har abokansa su zaci wasa yake yi.

Masuntan da na zauna da su ba su taɓa nutso su kaɗai ba, ba sa shiga zurfi ba gora, in kuwa wani ya faɗa, igiya ko gora suke jefa masa, saboda wanda ya firgita yakan shaƙe mai cetonsa su tafi tare. Masu nutso a teku da tukunyar iska a bayansu, duk da kayan aikinsu, a kan wannan ƙa'ida suke, sun ƙara da sharaɗin hawowa a hankali, don kada iskar da ta narke cikin jini ta yi kumfa ta nakasa mutum.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yi wa ruwan kansa. Kogin Sakkwato daga nan kusa da Funtuwa ya faro, ya ratsa Gusau, ya haɗu da Rima, ya bi ta Argungu, inda tun 1934 ake bikin kamun kifi, Sarkin Ruwa yana tsare kogin Matan Fada, ba mai jefa homa sai ranar da aka yi izini. Mu kuwa da muke a mafarinsa, a cikinmu akwai mai wanke tankin feshi a bakin ruwa, da mai zuba gubar Gamalin don kifi ya taso, da mai su da gidan sauro yana kwashe 'ya'yan karfasa da tarwaɗa tun ba su kai yatsa ba. Wannan shi ne fasadin tudu da teku da Suratur Rum ta ambata, kuma haƙƙin mutanen da ba mu taɓa gani ba ne.

A tsibirin Misali, kusa da Pemba ta ƙasar Tanzaniya, masunta sun daɗe suna fasa duwatsun murjani da nakiya, dokar hukuma ta kasa hana su, sai wajen shekarar 2000 da limamai suka shiga maganar, suka fahimtar da su cewa ɗan Adam halifa ne mai riƙon amana, da yawansu suka bari. Saboda haka ina roƙon malamanmu da hakimai da dagatai su sa wannan batu cikin huɗuba da majalisa kafin zafin bazara ya kora yara bakin dam, a kuma ba sarakunan ruwa ikon hana guba da ƙananan raga.